Cinikin Bebaye a Dutsen Kumbala

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya zuba teku ya yi mata iyaka, ya ba kowace halitta abin kare kanta. Ya ba kunama ƙari, ya ba bushiya ƙaya, ni kuma ya ba ni baki. Ni ce Tasalla mai turare, 'yar Birnin Gazaura, matar marigayi Barmo, Allah ya jiƙansa. Karatuna bai wuce na salla ba, rubutuna kuma a karkace yake, wanda ya ga gyara ya riƙe abinsa. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, labarina ya yi yawa a bakin mutanen da ko juji ba su taɓa hawa ba. To ga shi daga bakin mai shi.

A Gazaura, duk amaryar da aka kai ɗaki ba a turara ta da haɗina ba, sai dangin ango sun yi tsegumi. Kayan haɗin kowa ya san su: hawi, farce, sandal, zuma. Abin da ya raba nawa da na saura shi ne jan ƙaro, wani ƙaro mai kama da daskararren jini da ake kawowa daga ƙetaren teku. In ka jefa shi wuta shi kaɗai, ƙauri yake yi kamar an babbake kofato. Sai an jiƙa shi an haɗa yadda uwata ta koya mini, sannan yake buɗewa. Mutum ɗaya ke kawo shi duk ƙasar, wato Gwadabe dillali, kuma Barmo ne ke zuwa ya karɓo mini.

Da na fita takaba sai na tafi rumfar Gwadabe da kaina. Na same shi a kishingiɗe yana sakace.

Na ce, "Gwadabe, na zo karɓar ƙaro."

Ya ce, "Allah ya jiƙan Barmo. Amma Tasalla, ni ban saba ciniki da mai ɗaurin zane ba. Ga shawara: ki faɗa mini yadda ake haɗin nan, mutanen gidana su riƙa yi, ke ki huta. Kin ga jiki ya fara girma."

Na ce, "Jikin ya girma, amma har yanzu bai kamo cikinka ba."

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Ya tashi zaune, ya tofar da tsinken.

"To ki je ki ɗebo ƙaron inda yake tsirowa."

"Zan je."

Wannan karon ni aka yi wa dariyar. Nan na tsaya tsakiyar kasuwa na rantse ba zan sake taka ta ba sai da jan ƙaro a kaina wanda bai bi ta hannun Gwadabe ba. Ba cika baki kaɗai ba ne. A gidana akwai matan da ke yi mini daka da tankaɗe, yawancinsu zawarawa irina masu 'ya'ya. In haɗin ya tsaya, tukunyarsu ta tsaya. In kuma na ba Gwadabe sirrin uwata, na zama baiwarsa ni da su.

Matar mai jan raƙuman Gwadabe ta daɗe tana sha'awar humrata. Na cika mata kwalba, ita kuma ta kawo mini sunan wuri: Tsibirin Wandaru, Dutsen Kumbala. Ta ce mutanen can ba su san kuɗi ba, gishiri suke so da allura da tufa. Na ɗaure kantun gishiri, da allurai, da turkuɗi mai kyau. Na kuma ɗauki wani ɗan tandu da na toshe bakinsa da kakin zuma. A cikinsa akwai ragowar haɗin da na yi da ƙaron ƙarshe da Barmo ya kawo mini. Ba na sayarwa ba ne. Na tafi da shi don kada wata ta buɗe mini shi a bayana.

Na ratsa ƙasar jan rairayi, inda ake sayar da inuwa. Na ratsa garin da gidajensa ke tsaye kan ƙafafu cikin ruwa kamar zalɓe. Na shiga jirgin ruwa mai filafilai, na ga kifaye masu fiffike suna faɗowa cikin jirgi da kansu, amma duk da haka mai jirgin ya so ya sayar mini da su. Na ce masa kifin da ya zo da kansa baƙo ne, ba haja ba. Muka yi ta yi har ya gaji ya bar ni. Sauran tafiyar kuwa amai na yi ta yi, ba abin faɗi.

Wata safiya aka nuna mini tsibirin. Kore ne shar tun daga bakin ruwa, ba inda ƙasa ta leƙo, ga dutse a tsakiya ya tashi ya shige cikin gajimare. Ban ga kansa ba. Mai jirgin ya ce tun yana yaro yake bin hanyar nan, shi ma bai taɓa gani ba.

A ƙauyen da ke gindin dutsen na ji wani yana cewa, "Sannu da zuwa, uwar ɗakina," da harshenmu. Na waiwaya na ga wani dogo, ramamme, mai furfura a gemu, yana fere kwakwa. Sunansa Cindo. Mutumin ƙasarmu ne, jirgi ya kife da shi shekarun baya, ruwa ya tofo shi nan, ya yi aure ya zauna.

Na ce, "Wa ya ce maka ni uwar ɗakinka ce?"

Ya ce, "Duk wanda ya sauka da gishiri uban ɗakina ne. Ke ce dai mace ta farko."

Shi ya bayyana mini yadda abin yake. Ƙaron ba na mutanen ƙauye ba ne. Na mutanen bisa ne, waɗanda ke zaune cikin gajimare, ba sa saukowa, ba a kuma hawa wurinsu. A tsakiyar hawan akwai wani falalen dutse da kututturen ganga a gefensa. Mai saye zai ajiye kayansa a kan falalen, ya buga ganga, ya koma bayan itatuwa. Su kuma su fito su ajiye ƙaro kusa da kayan su koma. In ya yi maka, ka ɗauki ƙaro ka bar kaya. In bai yi ba, ka bar komai yadda yake ka sake ja da baya, ko su ƙara ko su ƙi. Ba magana, ba ganin ido. Da wannan cinikin ƙauyen ke rayuwa, su ke hawa su yi wa 'yan kasuwa. Gwadabe ma iyakarsa bakin ruwa, ƙarƙashin kwakwa, ana yi masa fifita.

Na ce, "Ciniki ba magana? Wannan ai cinikin bebaye ne. To da me ake kushe kaya?"

Ya ce, "Ba a kushewa."

"Da me ake rantsuwa?"

"Ba a rantsewa. Ki ba mu kayan mu hau miki."

Na ce ban ƙetare teku don in sake ɗora wani dillali a kaina ba. Da ƙafata zan je.

Daga baya Cindo ya ce wai a hanya ya faɗa mini cewa abin da aka ajiye kan falalen ba a ɗauke shi. Wataƙila ya faɗa. Ina haki a lokacin, kuma irin wannan maganar kowane mai kaya yana yin ta.

Muka isa falalen rana ta ɗaga. Na jera gishiri da allurai da turkuɗi, Cindo ya buga ganga, muka ɓuya. Ban ji tafiyar kowa ba. Da muka fito sai ga ƙaro a ɗan lefe, wanda bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Na dube shi, na dubi kantuna da na sha wuya a kansa tun daga Gazaura. Muka koma muka jira. Muka sake fitowa, an ƙara 'yan ƙwayoyi kamar ana ba kaza tsaba.

Raina ya ɓaci. To ni akwai abin da nake yi a kasuwa wanda bai taɓa ba ni kunya ba. In mai kaya ya taurare, sai in tattara nawa in juya in kama tafiya a hankali, ina jan ƙafa, kunnena ɗaya a baya. Ba na kaiwa bakin layi sai in ji, "Baiwar Allah, dawo mana." Mahauta sun kira ni, 'yan koli sun kira ni, fataken da ba sa jin harshenmu ma sun kira ni. Ni kuwa tunda uwata ta haife ni ban taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Sai na naɗe gammo, na tattara kayana na aza a ka, na juya.

Cindo ya ce, "Uwar ɗakina, me kike yi? Ajiye."

Na ce, "Yi mini shiru, ka zuba ido ka ga aiki."

Na yi tafiyata, a hankali, ina ɗan rangaji, kunne a baya. Na wuce itace na fari, na wuce na gaba. Ba kira. Na ƙara rage sauri. Can sai na ji ƙara, gurum, gurum, gurum, tana nisa. Na waiga. Sun tura kututturen gangar cikin kwazazzabo, lefen ƙaron kuma babu shi.

Cindo ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Ya ce, "Kin rufe dutse."

Da muka sauka ƙauye labari ya riga mu, don sun ji faɗuwar gangar. Mata na kuka, maza na wasa adduna. Mai garin ya tara mutane, Cindo yana juya mini maganarsa. Ya ce a wurin mutanen bisa, wanda ya ɗauke abin da ya ajiye ya ce musu ɓarayi ne, yana tsoron kada su sace. Tun kakanninsu sau ɗaya aka taɓa yin haka, kuma sai da waɗanda suka ga abin suka mutu duka kafin a sake jin ganga. Ba ƙaro, ba 'yan kasuwa. Ba 'yan kasuwa, ba gishiri, ba ƙarfe.

Na ce, "Faɗa masa laifinsu ne. Wane irin mai kaya ne zai ga mai saye na tafiya ya ƙi kira?"

Cindo ya ce, "Wannan kam ba zan faɗa ba, ina da 'ya'ya a garin nan."

Hukuncin mai gari shi ne, ba jirgin da zai ɗauke ni daga tsibirin sai ganga ta koma wurinta. Hanya ɗaya ce kuma: wadda ta ɗauke kaya ita za ta kai su har bisa, a kanta, ba mai taya ta, ta ajiye a gaban mutanen bisa. In sun karɓa, to. Cindo zai raka ni don shi ya kai ni falalen. Matarsa ta zo ta tsaya a gabana ta yi ta zuba magana da harshensu. Ban ji ko ɗaya ba, amma na gane zagi ne, na rama mata da namu.

Haka na kama hawan Dutsen Kumbala, ina fushi da Gwadabe, ina fushi da mutanen bisa, ina fushi da Barmo da ya mutu ya bar ni da wannan.

Bayan falalen hanya ta ƙare. Kurmi ne wanda rana ba ta taɓa ganin ƙasarsa ba. Itatuwa sun tafi sama kamar ba za su tsaya ba, jijiyoyinsu sun fi katangar gidana tsayi. Ko ba a ruwa ganye na ɗiga. Na ga wani fure a ƙasa mai faɗin faifai, ja da ɗigon fari, kyakkyawa, amma warinsa na mushe ne. Na ga wata ciyawa da ke haifar 'yan tuluna masu murfi, ƙwari na faɗawa ciki tana cinye su. Na ce wa Cindo wannan ciyawar dangin Gwadabe ce.

Sai matsattsaku. Suna tsaye a kan ganye suna miƙa kai kamar masu jiran sadaka. Kafin azahar ƙafafun Cindo sun zama jini, yana cire ɗaya biyu na hawa. Ni kuwa ko ɗaya bai kama ni ba. Duk wanda ya taɓa fatata sai ya dunƙule ya faɗi.

Na ce, "Ka gani? Ko tsutsar garinku ta san wanda za ta taɓa."

Ya tsaya ya dube ni. Ya sa yatsa ya shafi ruwan da ke gangarowa ta gwiwar hannuna ya lasa.

Ya ce, "Uwar ɗakina, ba ke suke tsoro ba. Gishirinki ne ke bin jikinki."

Na sauke kaya na kwance. Kantun da na taso da shi mai cika hannu biyu ya zama kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Na rufe shi da ganye, na rufe da zane, amma a wurin nan iskar ma jiƙaƙƙiya ce. Ina tafe ina jin dukiyata tana zirara ta bayana.

Washegari muka tarar da wani kwari mai shimfiɗaɗɗun duwatsu, busasshe, ya miƙe sama kamar an share mana. Cindo ya ce mu bi ta cikin sarƙaƙiya. Na ɗaga kai, ta tsakanin itatuwa na ga sama garau. A ƙasarmu in sama ta yi haka, cikin kwari ake bi da jaki da kaya. Na ce shi ya bi sarƙaƙiyarsa. Ya biyo ni yana gunaguni. Mun yi nisa sai na ji iska mai sanyi ta bugi fuskata, da wani gurnani daga sama. Ashe a dutsen nan ana iya sheƙa ruwa a ka, ƙafa ba ta sani ba.

Gaɓar kwarin ta fi mu tsayi, ga santsi. Cindo ya yi tsalle ya zamo. Sai na hango wata jijiyar itace ta gifta a samanmu. Na fizge turkuɗi na warware, na ƙulla dutse a bakinsa na wurga ta kan jijiyar, yadda muke wurga guga a kan gwafar rijiya. Na ce ya kama gefe ɗaya in kama ɗaya. Da yake na fi shi nauyi, ni na ja shi ya ɗaga, ya kama jijiyar, sannan ya jawo ni. Ruwan ya iso ina tsakiya, ja wur, da itatuwa a cikinsa. Ya doke ni har ƙirji, ya tafi da takalmana, amma ban saki ƙullin kayan ba, da haƙori na riƙe.

Muna zaune kan jijiyar muna haki, Cindo ya ce, "Da mun bi sarƙaƙiya."

Na ce, "Da ba don turkuɗina ba da yanzu kana teku karo na biyu. Ka gode mini."

Turkuɗin kuwa ya tashi daga aiki. Shuninsa ya zube duka a jikina, hannuwana da wuyana da fuskata suka zama shuɗi. Allurai suka yi tsatsa suka manne wuri ɗaya.

Daga nan muka shiga gajimaren. Ni da na saba ganinsa a sama, ga ni ina tafiya cikinsa, yana shiga mini hanci. Itatuwa suka gajarce suka karkace, kowanne da gemun gansakuka. Muka ƙetare wani rami ta kan gada wadda ba a sassaƙa ba, jijiyoyin itatuwa masu rai ne aka kitsa su kamar gashi, suna ci gaba da girma. Ba takalmi, ƙafafuna sun tsage, ina hawa da hannu da gwiwa, kaya a ka. Sanyi ya kama ni har haƙorana na haɗuwa. Da sanyin ya yi yawa sai in tuna fuskar Gwadabe yana sakace, in ji ɗumi.

Kafin mu isa Cindo ya tsayar da ni. Ya ce, "Duk abin da za ki gani, bakin nan a rufe. Wurinsu mai ciniki ba ya magana. In kin buɗe baki, ba ni ba ganin 'ya'yana."

Garin mutanen bisa 'yan bukkoki ne a gindin wasu baƙaƙen itatuwa, jikin itatuwan na tsatsafo da jan ƙaro. Abin da na gani a nan shi ya fi komai ƙona mini rai. Wata mata na hura wuta da jiƙaƙƙen icce, tana watsa ƙaro da hannu don ta kama. Wani na liƙe ɓular kwando da shi. Yara na jifan juna da shi. Abin da nake auna wa da cokali, ina ɓoyewa ƙarƙashin gado. Na ciji leɓe har na ji jini.

Suka kewaye mu shiru. Gajeru ne, da mayafin ɓawon itace. Aka buɗa wa wata tsohuwa hanya, 'yar ƙarama, busasshiya, idonta kamar na shaho. Daga baya na ji sunanta Ungwe, kuma ita ke yanke komai na ciniki. Ta zauna kan dutse. Na durƙusa na kwance kayana a gabanta: gishiri kamar ƙwan kaza, dunƙulen tsatsa, da tsumma mai ruwan toka. Ta dube su. Ta dubi shuɗiyar fuskata. Ta sa ɗan yatsan ƙafa ta ture dunƙulen alluran, ta kau da kai. Mutane suka fara juyawa.

Abu ɗaya ya rage mini, ɗan tandun nan, yana ɗaure a ƙuguna. Da Cindo ya ga hannuna ya tafi can, sai ya girgiza mini kai. Ba sai ya faɗa mini ba. Na fi shi sanin cewa mai saye ba ya nuna wa mai kaya amfanin kayansa. Da rashin sanin nan nasu Gwadabe ya yi tumbi. Ranar da suka ji abin da ƙaronsu ke zama, ranar araha ta ƙare har abada, kuma ni zan fara biya. Ga shi kuma na Barmo ne, in ya ƙone babu wani.

Na tuna matan gidana. Na tuna matar Cindo da bakinta. Na tashi na je murhun matar nan na kwashi garwashi a ɓawon kwakwa, na dawo na ajiye gaban tsohuwa. Na fasa kakin da haƙori, na ɗebo haɗin na zuba.

Hayaƙin ya tashi bai tafi ko'ina ba, gajimaren ya riƙe shi. Yaran suka daina jifa. Waɗanda suka juya suka dawo. Wata mai goyo ta matso ta buɗe mayafinta a kan hayaƙin, ba wanda ya koya mata. Ni kuwa ɗakina na ji, ranar kasuwa da yamma, Barmo ya shigo yana kakkaɓe riga yana cewa, "Tasalla, yau ma kin sa an yi kuka a kasuwa?" Idona ya cika. Hayaƙi ne.

Tsohuwa ta daɗe ido a rufe. Da ta buɗe sai ta ɗauki ƙwayar ƙaro daga ƙasa ta sansana, ta nuna garwashin, ta dube ni. Na gyaɗa kai. Na ga lissafi ya shiga idonta, na san na shiga uku.

Ta yi alama aka kawo kwando babba, cike da ƙaro zaɓaɓɓe, ja kamar garwashi, irin wanda Gwadabe bai taɓa kawowa ba. Ta ajiye. Na ajiye tandun kusa da shi, raina na ƙuna. Ta dubi tandun, ta auna shi da ido, ba ta taɓa ba. Ta kwatanta da hannu: kwando ya sauka, tandu ya hau, kwando ya sauka, tandu ya hau. Kuma ba ƙarami irin wannan ba, ta buɗe hannuwa, babba. Wato kowane kwando sai na dawo mata da haɗaɗɗen turare. Na kwatanta mata rabin abin da ta nuna. Ta sake buɗe hannu. Na ƙara kaɗan. Ta sake buɗewa. Na naɗe hannuwana a ƙirji na kafe.

Sai tsohuwar nan ta tashi, ta naɗe ganye ta yi gammo, ta sunkuya ta ɗauki kwandonta ta aza a ka, ta juya.

Mutanenta suka ja numfashi gaba ɗaya. Cindo ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. A al'adarsu ta rufe dutse kenan da hannunta, ba sauran gyara.

Amma ni tafiyarta nake kallo. A hankali take yi. Tana jan ƙafa. Tana ɗan rangaji da ƙugun da ba ta da shi. Kanta a karkace, kunne ɗaya a baya.

Tafiyata ce. Ashe tana bayan itace ranar nan tana kallona.

Ta wuce bukka ta fari. Ta wuce ta gaba. Ta rage sauri. Gabanta kaɗan gajimare ne, in ta shiga ba zan sake ganinta ba. An ce in na yi magana na kashe ciniki. In kuma na yi shiru, ni na san abin da ke faruwa da mai irin tafiyar nan in ba a kira shi ba: girman kai ba ya barinsa ya juyo. Na sani, don na yi.

Na buɗe bakina na ce, "Ke tsohuwar banza, dawo mana!"

Ta tsaya. Ta juyo a hankali, duk fuskarta dariya, ba haƙori ko ɗaya. Ta dawo ta dire kwandon a gabana, ta sake buɗe hannuwa daidai yadda ta buɗe da fari, ko kaɗan ba ta rage ba. Ta faɗi wata magana, mutanenta suka fashe da dariya har da masu faɗuwa.

Na ce, "Cindo, me ta ce?"

Yana share hawaye ya ce, "Ta ce tun ranar nan take mamakin abin da kike jira da wannan tafiyar. Ta ce ashe daɗi ke gare shi."

Na karɓa a yadda ta ce. Ban taɓa sayen abu da tsada irin wannan ba. Abin da kawai na ƙwata shi ne, zaɓaɓɓen ja nawa ne ni kaɗai, ragowar kuma a ci gaba da kai wa falale don mutanen ƙauye su sami gishirinsu. Samarinsu suka sassaƙa sabuwar ganga suka rako mu da ita. Da aka buga ta, tun daga sama muna jin guɗar ƙauye. Matar Cindo ta tare ni da ruwan wanka. Shuɗin bai fita ba sai da na kusa gida.

Na shiga kasuwar Gazaura da kwandon a kaina, na bi ta gaban rumfar Gwadabe ban dube shi ba. Bayan 'yan kwanaki ya zo zaurena da kansa, wai ko zan sayar masa da ɗan jan, nasa bai kai shi kyau ba. Na yanka masa kuɗi. Ya ce ya yi yawa, ya tashi ya kama tafiya a hankali, kunne a baya. Na bar shi ya tafi. Ina jin har yanzu bai daina sauraro ba.

Dutsen kuwa duk shekara sai na hau shi da tandu a ka, don tsohuwar ta ce ba ta karɓa daga hannun kowa. Kuma duk shekara, bayan mun gama komai, sai ta naɗe gammo ta ɗauki kwando ta juya, mutanen garin su taru su yi shiru suna kallon bakina. Allah ya isa tsakanina da Ungwe. Allah kuma ya ƙara mata kwana, don bana da na hau na ga tafiyar tata ta rage sauri, kuma ba da gangan ba. Tun ba ta wuce bukka ta fari ba na kira ta.

Iyakar abin da na gani kenan a Dutsen Kumbala. Wanda ya ce ƙarya ne, hanya na nan, ya tafi da gishirinsa.